Sifili Daban, Gurbi Daban

Da sunan Allah na fara. Ni ne mahaifinku nake rubuta wannan da hannuna, cikin hankalina, babu zazzaɓi, babu maganin barci a kaina. Na sa Ummi ta jinkirta allurar safe har in cika shafi, don kada gobe wani ya ce tsoho ruɗewa ya yi. Ban ruɗe ba. Na san yau Talata ce, na san likita ya daina kallon idona in yana mini bayani, na kuma san fassarar hakan. Ƙafafu sun kumbura, numfashi sai da lallashi, amma kaina garau yake. Liman da maƙwabcinmu kafinta za su sa hannu a shafin ƙarshe kaɗai. Ba su karanta ba, ban kuma ba su izini ba. Magana ce tsakanina da ku uku: Dogo, Ummi, da Auta.

A gidan Ummi za a buɗe takardar nan, tun kafin a kai ni makwancina, kamar yadda na rubuta a bayan ambulan, kuma sai ku ukun kuna zaune. Dogo, kada ka ce ba a san inda Auta yake ba. Ummi ta sani, ta daɗe da sani, ni ma na san ta sani. Shekara huɗu ke nan rabonsa da gidan nan, shi ya sa na ɗauki biro: tsoro nake ji in mutu ya tabbata a waje. Sauran abubuwan ƙanana ne, bari in fara kawar da su.

Na ɗaya. Gado ba ni zan raba ba, Allah ya riga ya raba. Gida ne da abin da ke cikinsa, ba wani abin a zo a gani ba. Ƙofa ɗaya zan toshe tun yanzu. Dogo, na ji abin da ka faɗa wa mijin Ummi, wai wanda ya bar salla ba ya cin gadon mai salla. Bangon ɗakina ba kauri gare shi ba, kai kuma tun kana yaro ba ka iya magana a hankali ba. Na tambayi waɗanda suka fi mu sani. Ƙanenka bai taɓa cewa babu Allah ba, bai taɓa cewa salla ba wajibi ba ce. Rabonsa daidai da naka yake, ko tsinke kada a rage. In ka ja wannan magana bayan raina, ban yafe ba. Ka san ban saba faɗin haka ba.

Na biyu. Kayan mutane. Tsanin da ke jingine bayan banɗaki na kafinta ne. Shekara shida yana hannuna. Kullum ya tambaya sai in ce ban gama da shi ba, shi kuma ya ce ai daman ya san sai dai a hannun magada zai karɓa. To ga shi bakinsa ya kama, ku mayar masa. Kujera mai taya ta asibiti ce, Ummi ta mayar, a wanke ta tukuna. Keken ɗinkin mahaifiyarku, Allah ya jiƙanta, ina roƙon ku maza ku bar wa 'yar'uwarku. Roƙo ne, ba umarni ba. Tufafina a ba wanda suka yi wa daidai. Dogo, kada ma ka gwada, ko gwiwa ba za su kai maka ba.

Na uku. Rajistocin da ke cikin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gadona, Dogo ya ɗauka. Kai ne malamin makaranta, kai kake son abu a jere. Amma sai na gaya muku abin da ke ciki, don kun tashi kuna ganin ina fita da agogo a hannu, kuna tsokanata da sunan da gari ya laƙaba mini, Ƙarfe-tara, ba wanda ya taɓa tambayata mene ne aikin.

Shekara talatin da biyar na yi a tashar auna yanayi. Ɗaki ɗaya ne da tebur da kujera mai ɗingishi, sai fili da aka kewaye da waya. A tsakiyar filin akwai ma'aunin ruwan sama: gwangwanin tagulla, mazurari a bakinsa, kwalba a cikinsa. Kowace safiya, tara daidai, ka cire mazurarin, ka juye abin da kwalbar ta tara a gilashin awo, ka duba a saitin ido, ka rubuta a gurbin ranar. In babu ruwa, ka rubuta sifili.

Ranin farko da na yi, wata uku ko ƙyallin gajimare babu. Na ga wauta ce in ratsa fili cikin rana don in leƙa gwangwanin da na san busasshe ne. Sai na riƙa zama a tebur, tara na bugawa in zuba sifilina. Kwana takwas ina haka. Tsohon da ya koya mini aikin, mutum marar yawan magana, ya duba shafin, ya tambaye ni me na tarar a gwangwani yau. Na ce babu komai. Ya ja ni har wurin, ya cire mazurari, ya zaro cokalin shayinsa daga ciki. Ashe duk kwanakin nan cokalin na kwance a nan, shi kuma yana juya shayi da gindin fensir yana jirana. Kunya kamar in nutse. Ya sa na kankare sifilin takwas ɗin, ya ce a bar su fari. Sifili, in ji shi, shaida ce: na zo, na duba, ban samu ba. Gurbi fari kuwa yana nufin ba wanda ya zo; laifi ne, amma gaskiya ce. Abin da na yi ni, ya ce, ƙarya ce tsagwaronta, kuma in na sake in nemi wani aikin.

Shekara shida na ƙarshen aikina, hedikwata ta yi shiru. Sufeto ya daina zuwa, wasiƙa ta daina zuwa, har takardun rubutu suka daina zuwa. Wasu na cewa an kawo na'urori masu aikawa da kansu, wasu na cewa mantawa kawai aka yi da mu. Abokin aikina ya koma leƙowa sau ɗaya a mako, ya ce wa zai gani. Ni na sayi littattafan 'yan makaranta, na ja layi da rula, na ci gaba. Ƙarshen wata in kwafe ɗaya in kai gidan waya, in ajiye ɗaya. Mahaifiyarku takan ce ko gobara ce ta tashi sai na je na gaida gwangwani tukuna. Dalilina ba wani zurfi gare shi ba: waɗanda suka ce in duba ba su aiko sun ce in daina ba. Har yau ban san ko an buɗe ambulan ɗaya a cikin waɗanda na aika ba.

Na huɗu. Wannan ce mai wuyar. Jiya na kasa, na rufe littafin.

Kun ɗauke ni mutumin Allah. Sahun farko, jan salla in Liman ya yi tafiya, azumin nafila. Unguwa ma haka ta ɗauka, ban gyara wa kowa ba. To ku ji: shekara goma sha bakwai ke nan ban ji komai ba. Da can ina ji. In na sa goshi a ƙasa wani sanyi yakan sauko mini a ƙirji. In na roƙi abu nakan tashi da tabbacin an ji ni, ko a ba ni ko a hana. In hanya ta rabu biyu na yi addu'a, zuciyata takan karkata gefe ɗaya. Wata rana abin ya ɗauke. Za ku ce rasuwar mahaifiyarku ce. Ba ita ba ce, ya riga ta da shekara biyar. Ba abin da ya faru. Na yi alwala, na yi kabbara, na ji muryata ita kaɗai a ɗaki, haka kuma ya zauna.

Na bincike kaina ciki da waje. Na nemi gafarar mutanen da sun ma manta na yi musu laifi. Na ƙara nafila, na rage ci. Shiru kake ji. Wani abokina ya ja ni wurin wani mutum da aka ce yana sa a ga amsa a mafarki. Na kai har bakin ƙofa, na cire takalmi ɗaya, sai na tuna an riga an gaya mini hukuncin wannan ƙofa tun lokacin da nake ji, kuma shiru bai soke shi ba. Na mayar da takalmina. Ban ji an yaba mini ba, rana kawai na sha a hanyar komawa.

Da ciwon mahaifiyarku ya yi tsanani na roƙa kamar raina zai fita. Wata bakwai. Ta tafi ranar Laraba da hantsi, hannunta cikin na Ummi. Da jama'a suka watse na zauna da buta a gabana, na kasa zuba ruwan. Kwana goma sha tara ban yi salla ba. In an kira, sai in fita don ku ɗauka masallaci na nufa, in zaga bayan tashar mota in zauna kan wata tsohuwar taya. Wurin aiki ma ban leƙa ba. Dogo, in ka ɗauko akwatin, buɗe littafin shekarar, watan da ta rasu. Za ka ga gurbi goma sha tara fari fat. Ka sa yatsa ka ƙirga su da ƙarfi, ƙanenka yana ji. Na mahaifinka ne, wanda kake buga masa misali da shi.

Rana ta ashirin ba haske na gani ba, ba mafarki na yi ba. Na dai ga tara ta kusa, ƙafata ta kai ni fili, na cire mazurari, na kwashe busassun ganye, na rubuta sifili. Ina dawowa na yi alwala. Na rama abin da ya wuce ɗaya bayan ɗaya, baki na motsi, ƙirji kamar katako. Tun ranar ban sake barin gurbi ba. A shekarun nan sau uku kacal wani abu ya ɗan shafe ni, gajere, bai kai numfashi biyu ba. A aikinmu in yayyafi ya jiƙa mazurari amma bai isa awo ba, "alama" muke rubutawa. Ɗaya a barandar asibiti ne, tsakanin bokitan masu goge-goge. Ban san me ya kawo shi ba, ban san me ya mayar da shi ba.

Na biyar. Auta, yanzu da kai nake.

Ka tuna ranar. 'Yarka Tsuntsuwa, wadda muke kira haka don ba ta cin abinci sai ɗan tsakura, watanta biyu a kabari, bayan shekara huɗu tana fama da sikila. Ka zo da la'asar da jakar aikinka na famfo, rigarka a jiƙe, ka tarar da ni a baranda ina ɗaure igiyar shanya. Ka tsuguna. Ka ce ka roƙa har muryarka ta dishe, yarinya tana ihun ƙafarta da bayanta, ba a ɗaga mata ba ko na yini ɗaya. Ka ce yanzu in ka tsaya salla ji kake kamar mai magana a wayar da ta mutu, kuma kana tsoro. Ka tambaye ni ko na taɓa jin haka.

Na ce ban taɓa ba.

Na ce zuciyar da ba ta ji, datti ne ya toshe ta, ka je ka bincika me ka aikata. Uban da ya binne 'yarsa na faɗa wa haka, ni da nake shekara ta goma sha uku cikin abin da kake faɗa. Wallahi ba fushi ba ne, tsoro ne. Kana buɗe baki na zaci ka gano ni. Kai ka duba, ka faɗi abin da ka tarar. Ni na rubuta maka ruwan da bai sauka ba. Ka tashi, ka ɗauki jakarka, ka ce ka gode. Wannan godiyar ita nake ji duk lokacin da gida ya yi tsit.

Daga nan ka daina zuwa masallaci, sannan ka daina yi a ɗaki. Dogo ya tare ka a tsakar gida gaban matarka da maƙwabta, ya wanke ka tas. Ina ciki ina ji, carbi a hannu, ban fito ba. Da na fito na ce yaron nan irin ciwona ne da shi, da yau kana nan. Mutuncina na zaɓa. Ka yafe mini. In ba za ka iya yau ba, kada kowa ya matsa maka.

Ba zan ce maka in ka koma salla za ka ji daɗi ba. Ban ji ba, ba kuma zan sake yi maka ƙarya ba. Ban san dalilin da aka ɗauki Tsuntsuwa ba. Duk wanda ya ce maka ya sani, ka tashi ka bar masa wurin. Abin da na sani kaɗan ne. An ce mu tsaya, an faɗi lokuta, an faɗi abin da za mu bari, ba a kuma aiko an ce an fasa ba. Ba a taɓa cewa sai mun ji ba. Ka zo, ka tsaya, in ka tarar babu, ka gaya wa Ubangijinka babu. Daman ba ɓoye masa kake iyawa ba. Sannan ka kiyayi yanke sabon hukunci a lokacin shiru. Rai na da wayo, yakan kwaikwayi murya, ya ce tunda ba a yi magana ba ai an sallame ka. Ka riƙe umarnin ƙarshe da ka ji sarai, ka yi ta tafiya a kansa.

Ummi ta gaya mini shekara guda matarka ta yi ba ta iya tashi daga katifa. Kai kake wanki, kai kake girki, kai kake tsefe mata kai, danginta sun ce ka kawo ta ka ƙi. Wannan ma cikin abin da aka umarce ka ne, ka kuma yi shi ba ka jin komai. Ashe ka iya. Ni ban taɓa yaba maka ba, ina fata Wanda ba ya mantuwa ya gani.

Ma'aunin da na kafa a bayan gida bayan na bar aiki, ban ɗora wa kowa ba. Tun da na kwanta Ummi ke duba mini. Ta iya, sai dai tarar tata takan kai tara da kwata. In ba mai so, a tumɓuke shi.

Na shida. Dogo, ban zubar da kai ba. Ka riƙe gidan nan, ka goya ni ka hau da ni benen asibiti, ba ka taɓa cewa ka gaji ba. Abin da ka yi wa ƙanenka, koyi ka yi da uban da ka zaci kana da shi. Kai har yanzu kana jin daɗin ibadarka, ina gani a fuskarka, wani lokaci har ƙyashi nake yi maka, Allah ya yafe mini. Kyauta aka yi maka, ba ƙoƙarinka ba ne. In ranar da za a ɗauke maka ta zo, za ka bukaci wanda ya san hanyar, ni kuma ba na nan. In Auta ya zo ya tsaya kusa da kai a sahu, ka matsa masa, kada ka waiwaya, kada ka ɗaga murya da hamdala don jama'a su ji. In bai zo ba, ƙanenka ne dai. Ba a naɗa ka mai gadin zuciyar kowa ba. Ka je ɗakin da yake haya bayan kasuwar katako, kai da ƙafarka, ka ci abin da aka ba ka, ku yi hirar famfo.

Ummi, ke kuma ki huta. Shekara huɗu kina ƙirƙiro gaisuwa tsakaninmu, ki ce mini Auta na gaishe ni, ki ce masa Baba na tambayarsa. Ta wajena ba ƙarya kika yi ba, bakina ne ya kasa faɗa. Kullum ki tashi daga aikin jinya ki zo ki tarar da wata jinyar a gida, ba ki taɓa ɓata fuska ba. Daga yau ki bar ƙattan nan su koyi neman juna da kansu.

Ranar da za a kai ni, ban son yabo. In wani ya fara cewa bawan Allah mai hasken zuciya, ku yi shiru, ku roƙa mini rahama kawai, ita nake bukata. Zan tafi ban ji amsa ba, ina kuma jin tsoro, ba zan ɓoye muku ba. Na dai zo lokutan da aka ce in zo, ban da kwanakin da na faɗa, kuma Wanda zan tarar ya san da su. Auta ya shiga cikin masu saukar da ni, in ya yarda. In ido ya ƙi kawo ruwa, kada ka matse shi.

Allah ya yi muku albarka, ku da iyalanku da waɗanda ba a haifa ba tukuna. Allah ya ba ku abin da ya ɗauke mini. In kuma ya ɗauke muku, ya bar muku ƙafar zuwa. Abin da kuka yi mini, wanda na sani da wanda ban sani ba, na yafe. Ku riƙe juna. Kada wanda ya fi ƙarfi a cikinku ya yi nisa da wanda ya gaji.

Saura abu ɗaya. Makon da Auta ya tafi, Dogo ya sa aka canza makullin ƙofar waje, ina kallo ban hana ba. Watan jiya na aiki kafinta ya yanko mini ɗan makulli, ya kuma rufa mini asiri. Shi ne abu mai nauyin nan a ƙasan ambulan. Naka ne, Auta. Ba sai ka buga ba, ba sai ka yi wa kowa bayani ba. Na sa an tura ni har bakin ƙofa na gwada shi da hannuna, yana buɗewa. Sai dai ƙofar ta zauna, ka ɗan ɗaga ta sama kafin ka tura.